Ranar da Famfon Kawu Ya Tashi da Kansa

Laifina a wannan labari ƙarami ne: layi biyu na tsallake ban karanta ba. Da launin toka aka rubuta su, ni kuwa a wancan lokacin duk rubutun da ya dusashe na ɗauke shi kamar takardar da ake cusawa cikin kwalin magani, wadda aikinta kawai a yar. Shekarata goma sha shida, na kalli bidiyon haɗa na'ura a waya ya fi gashin kaina yawa, kuma na riga na yanke wa kaina hukunci cewa daga Illela har bakin teku babu injiniya irina.

Kawu ƙanen mahaifiyarmu ne. Yana da shagon gyaran rediyo da waya a bakin kasuwa, yana da lambun albasa a hanyar Amarawa, sannan a ƙuryar shagon ya ajiye wani mataccen firji da ya mayar akwatin ƙyanƙyasar ƙwai. Mutum ne da ba ya sallama daga nesa. Sai ya zo bakin ƙofa ya ƙwanƙwasa: uku da sauri, ɗaya a hankali. Ko jariri a gidanmu ya san wannan bugun. Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi, ana tsakiyar dashen albasa.

Matarsa, wadda muke kira Inna, ta shiga takaba, ba fita. Ba su da ɗa namiji babba, kuma lambun nan shi ne abincinta na shekara. Mai kula da shi wani dattijo ne daga tsallaken iyaka, kowa Baba yake ce masa, shi da 'ya'yansa biyu. Su ne masu buɗe wa ruwa hanya fangali bayan fangali, su ne masu cire ciyawa. Kunna famfon sola da kashe shi kuwa aikin Kawu ne tun da, ba ya barin kowa ya taɓa. Da ya rasu sai abin ya rikice: yau a manta, gobe a bar shi ya wuce kima.

Nan na miƙe a tsakar gida na ce zan sa famfon ya riƙa tashi da kansa kowace safiya, ya yi minti arba'in, ya kwanta.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne inda zan samo kayan. Ba a raba gado ba tukuna, kuma a gidanmu ko allurar mamaci ba a ɗagawa kafin malamai su zauna. Ni kuwa na san inda ake rataye makullin shago. Na shiga da rana tsaka, na kwance ɗan allon da ke sarrafa akwatin ƙwan, wanda bai fi tafin hannuna ba, da ɗan batirinsa mai kama da kwabo. Na buɗe tsohuwar kwamfutar Kawu na kwafe umarnin da ya rubuta masa. Akwai wani sashe a ciki da ya sa wa suna agogo. Ya san awa, ya san rana, ko wuta ta ɗauke ba ya mantuwa, kuma ya iya kunna ruwa. Me zai sa in wahalar da kaina? Na bar shi yadda yake, na ɗora nawa layi goma a kansa, na haɗa wayar famfo a inda aka rubuta ruwa. A saman sashen ne layukan nan biyu suke.

Na gwada shi kwana uku a ɗakina da fitila a madadin famfo. Ƙarfe bakwai ta kama, bakwai da arba'in ta mutu. Na fito na shaida wa duniya cewa na gwada sau dubu. Na kai shi lambu cikin robar man shafawa, na ɗaure a jikin ƙarfen fanel ɗin sola, na danna maɓallin farawa. Baba ya leƙa ya ce, "Wanga ɗan abu shi ka aikin mutum?" Na ce har ya fi mutum, tunda ba ya zuwa suna ko biki.

Kwana goma sha bakwai ina tafiya kamar wanda ƙasa ta yi wa kaɗan.

Ranar sadakar arba'in kowa yana gida. An yi addu'a da hantsi, ana rabon waina, har Baba ya zo ya zauna a tabarmar dattawa. Ƙaramin ɗansa kaɗai aka bari a lambu. Wajen ƙarfe sha biyu sai ga yaron nan ya faɗo zaure ba takalmi, leɓensa fari fat. Ya kasa magana sai da aka ba shi ruwa.

"Famfo ya tashi," in ji shi. "Ba kowa wurin. Kuma ana bugun ƙofa."

Wani ya ce wace ƙofa ce a lambu. Yaron ya miƙa hannu ya bugi ƙyauren zauren: uku da sauri, ɗaya a hankali.

Ban taɓa jin zaure mai mutum hamsin ya yi irin wannan shiru ba. Wainar da ke bakina ta ƙi gaba ta ƙi baya.

Muka ɗunguma mu wajen goma. Rana ta take, babu ko iska, inuwar kowa ta maƙale a ƙarƙashin ƙafarsa. Tun daga nesa muke jin gurnanin ruwa. Fangalin da ke kusa da rijiya duk sun nutse, kan albasa ya leƙo kamar masu neman ceto. Babu sawun kowa a laka sai na yaron da ya gudu. Muna tsaye a bakin shinge sai muka ji shi, siriri, daga cikin robar man shafawata. Uku da sauri. Ɗaya a hankali. Ya yi shiru kamar mai jiran a amsa, sannan ya sake.

Wani maƙwabcinmu da kullum yake ba mu labarin yadda ya kori kura da hannu, ban san lokacin da ya koma bayana ba. Ni ma ban tsaya a gaba don jarumta ba, ƙafafuna ne suka ƙi karɓar umarni. Daga ƙarshe Baba ya yi bisimilla, ya sa sanda ya fizge wayar batir. Ruwa ya tsaya. Ya juyo ya dubi 'ya'yansa ya ce su kwashe fatanyu.

"Mai garka ya dawo garkarshi," in ji shi. "Ran arba'in ɗinshi. Ni ba ni aiki wuri guda da wanda na yi ma salla."

Liman ya yi masa nasiha cewa wanda ya tafi ba ya dawowa. Baba ya ce ya yarda da malam ɗari bisa ɗari, amma malam ya zo ya riƙe fatanya. Kafin la'asar labari ya gama gari, ya tsallaka iyaka, ya dawo da ƙari: wai an ga Kawu da farar riga yana gyara tiyo. Duk wanda aka tuntuɓa ya karɓi aikin sai ya tuna yana da ciwon baya. Albasa sabon dashe kuwa ba ta san takaba ba. Kwana biyar ba hannu, an gama.

Ni abin da ke cina daban ne. Kowa yana cewa Kawu lambunsa ya zo dubawa. Ni kaɗai na san an shiga shagonsa an ɗauki abin da ba a raba ba. Ban taɓa jin akwatin ƙwan ya yi kuka ba, ban ma san ɗan baƙin maɓallin da ke gefen allon ƙararrawa ba ne. A lissafina, mutumin nan kayansa ya biyo, kuma ya san hannun da ya ɗauka.

Bayan kwana biyu, da rana, na koma ni kaɗai, wai in nuna wa kaina ba komai. Na karanta duk abin da na haddace, har da addu'ar shiga kasuwa. Na ce ai na'ura in an cire mata wuta aka mayar, daga farko take farawa. Na maƙala wayar. Ko numfashi ban sauke ba famfo ya ɗauka, ƙararrawar ta buga uku da ɗaya daidai saitin fuskata. Na fizge wayar. Gudun da na yi ranar, da an auna, da yanzu hotona yana manne a bangon makarantarmu. Takalmina ɗaya yana can har yau.

Yayata ta zo sadakar daga Sakkwato, inda take karatun haɗa na'urori a jami'a. Ita ta tare ni a bayan ɗaki ina haki.

"Injiniya, ina takalminka?"

"Na ba da shi sadaka."

"Guda ɗaya? Zauna. Mi ka sa cikin robar nan?"

Na ce fasahata ce. Ta dube ni irin kallon da take yi wa kifin da aka ce na yau ne. Ban kai minti biyu ba na zazzage mata labarin allon, har da makullin shago. Na jira mari. Sai ta ce, "Ka gwada shi?"

"Sau dubu."

"Auta."

"Kwana ukku."

"To kwana ukku ka sani. Ran na huɗu wa ka tambaya?"

Ta aiki ɗan maƙwabta, wanda bai ji labari da kyau ba, ya kwanto robar. Muka baje a tabarma da kwamfutarta da littafin rubutu. Na zaci za ta kunna abin mu zuba masa ido. Ta ce a'a, zuba ido shi ya kai ni inda nake. Ta ce gwaji kamar ka bi layi ɗaya a kasuwar Illela ne ranar Lahadi, ka fito ka rantse babu rami a kasuwar duka. Abin da ake koya musu shi ne a zana kasuwar gaba ɗaya, kowane lungu, sannan a sa kwamfuta ta bi duk hanyar da ƙafa za ta iya bi, ko da hanyar sai bayan shekara ake isa gare ta.

Ta sa ni zana da'ira ga kowane hali da na'urar za ta iya shiga. Na zana biyu: tana barci, tana ban ruwa. Na ajiye biro.

"Naka ke nan," in ji ta. "Na Kawu fa?"

Muka shiga sashen agogo layi layi, tana fassara shi zuwa da'ira da kibiya. Biyu suka zama tara. Akwai halaye bakwai a cikin robar man shafawata da ban taɓa sanin suna nan ba, kamar ka shekara a gida sannan a nuna maka ɗakuna bakwai da mutane a ciki. Ta shigar da zanen a kwamfuta, ta rubuta doka ɗaya tak: ko me ya faru, ko wace rana ce, famfo ba zai wuce minti arba'in yana aiki ba. Ta ce abu biyu ne zai faru. Ko kwamfutar ta ce babu hanyar karya wannan doka, ko ta kawo labarin yadda za a karya ta, taki bayan taki.

Ta danna. Ban gama gyara zama ba amsa ta fito.

Yaya ta karanta a hankali, tana mayarwa da Hausa. An danna maɓallin farawa. Rana ta ɗaya lafiya. Ta biyu lafiya. Haka har goma sha bakwai. Rana ta goma sha takwas, a daidai mintin da aka danna maɓallin, a daina juya ƙwai, a kunna ruwa, a jira ma'aunin danshi ya ce ya isa. Ma'auni bai amsa ba. A ci gaba da ruwa. A kira mai shi. An cire wuta. An mayar. A duba rana, a koma inda aka tsaya. A kira mai shi.

Tsikar jikina ta tashi fiye da yadda ta tashi a lambu. Ban gaya wa Yaya na mayar da wayar ba. Ban gaya wa kowa ba. Ga wata na'ura da ba ta taɓa taka hanyar Amarawa ba tana ba da labarin abin da na yi ni kaɗai da rana tsaka, saura kawai ta ambaci takalmin.

"Ta ina ta sani?"

"Ba ta sani ba. Duk hanyoyin ta bi, taka tana ciki." Sai ta ja rubutun sama. "Karanta min wannan."

Layukan toka ne. Kawu ya rubuta su da Hausarsa, yadda yake magana: wannan na akwatin ƙwai ne kaɗai, yana zaton akwai ma'aunin danshi a jone. In babu, kada a sa shi ko'ina.

Wato kwana goma sha takwas na'urar nan tana zaune a tsakiyar albasa tana renon ƙwan da babu. Da lokacin da kaji ke buƙatar danshi ya yi, ta buɗe ruwa, ta jira a ce mata ya isa, ba wanda ya ce. Ta kira Kawu da bugun da ya koya mata, don shi ya san in ya ji wannan to shi ake nema. Arba'in ɗin kuwa ni na jawo ta: kwana ashirin da biyu bayan rasuwa na danna maɓalli.

Na ji sanyi, na ji kunya, na kuma ji wani abu da ban san sunansa ba. Na ce mu tafi mu gaya wa Baba. Yaya ta ce Baba ba zai sayi da'ira tara ba, kuma tana da gaskiya. Mun same shi a gidan da yake sauka, ya saurare mu har ƙarshe cikin ladabi, sannan ya ce, "Ɗiyata, boko na da kyau. Amma ni na ji bugun."

Sai Yaya ta buɗe littafin ta duba da'ira ta ƙarshe, wadda ba mu kai gare ta ba.

"Baba, in na faɗa maka abin da zai yi gobe, da lokacin da zai yi shi, tun bai yi ba fa?"

"Kamar mi?"

"Gobe kwana ashirin da ɗaya, ranar ƙyanƙyasa. Sha ɗaya da minti goma sha bakwai famfo zai tsaya da kansa, ba mai taɓa shi. Zai yi bugun nan sau bakwai. Daga nan ba zai ƙara ko tari ba."

Baba ya daɗe yana jan carbi. Ya ce zai zo, amma daga wajen shinge.

A hanya na tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce ta tabbata da abin da ta zana. In ta yi kuskure wajen zanen, ko akwai abin da Kawu ya sa a allon da bai rubuta ba, to kwamfuta ba ta duba wannan ba. Na ce da ba ta gaya min ba.

Da safe na je wurin Inna na durƙusa daga bakin ƙofa na faɗa mata abin da na ɗauka. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Ta ce tunda ba ta iya fita, in lokacin ya yi in kira ta a waya, tana so ta ji da kunnenta.

Muka mayar da robar, muka juya tiyo zuwa kwari don kada ruwa ya ƙara shiga albasa. Sha ɗaya saura muka jona. Famfo ya tashi, bugu ya dawo. Mutum ya kai talatin a bayan shinge, kowa ya zaɓi inda hanya ta fi kusa. Baba ya kafa agogon hannunsa a gaban ido. Ni aka tura ciki da waya, tunda ni na jawo. Na tsuguna kusa da robar, na kira Inna, na kara wayar.

Sha ɗaya da kwata. Rana ta daki ƙeyata. Tsuntsu ɗaya bai yi motsi ba. Da sha shida. Ina jin numfashin Inna a wayar. Da sha bakwai ta cika a wayata, famfo yana ta aiki. Na dubi Yaya. Ta ɗaga min hannu, amma na ga ta haɗiye yawu. Na fara tsara yadda zan koma Agadas da zama in canza kamanni.

Sai ruwan ya yanke.

Shirun da ya biyo baya ya fi gurnanin nauyi. Daga cikinsa bugun ya fito, a natse, ba irin na neman agaji ba. Uku da sauri, ɗaya a hankali. Bayan shinge ana ƙirgawa da leɓe. A na huɗu na ji muryar Inna a wayar, ƙasa ƙasa, yadda take yi shekara da shekaru ba tare da ta ɗago daga abin da take yi ba.

"Shigo, a buɗe take."

Na kusa sakin wayar. Bugun ya cika bakwai ya tsaya. Muka jira minti biyar, goma. Babu komai sai ɗigar ruwa daga bakin tiyo. A gefen wannan layin na ƙarshe ma akwai rubutun toka, Yaya ta nuna min daren jiya: a zo a duba, sun fito.

Baba ya sauke hannunsa. Ya tura ƙyauren shinge da ƙafa, ya shigo, ya tsaya a kan robar yana kallonta.

"Shekara tara ina aiki da mai garkar ga," in ji shi. "In ya ce sha ɗaya, sai la'asar. Bai taɓa zuwa kan lokaci ba yana da rai. Wanga ba shi ba na."

Aka kwashe da dariya. Ya juyo gare ni. "Kai kuma, injiniya, ɗauko fatanya."

Kafin Yaya ta koma makaranta mun sake rubuta umarnin daga fari a kan sabon allo, da'ira uku kacal, kwamfutarta ta bi duk hanyoyin ta ce dokar ba ta karyuwa. Duk da haka ta sa an ɗaura makunnin hannu a jikin ƙarfen, ta ce hujjarta ba ta san akuya mai cin waya ba.

Baba ya dawo aiki da babban ɗansa. Ƙaramin bai ƙara taka lambun ba. Fangali biyar cikin ashirin da huɗu suka ruɓe, ni na sake dasa su da hannuna, sauran suka yi. Ranar rabon gado na maimaita laifina a gaban malamai, allon ya faɗa cikin kason Inna. Yana cikin kwallarta, an cire masa batir.